Laburare da ofisoshin ƙaramar hukuma a gini ɗaya: a kan me jama'a ke gardama?

Idan ƙaramar hukuma ta fito ta ce za ta gina sabon laburare, kuma a cikin ginin nan za ta zuba ofisoshinta da zauren majalisarta, me ake tambayar jama'a a kai? Ana son a ji ko suna ƙaunar karatu ne, ko kuwa ana son a ji ko sun yarda a ciwo bashi da sunansu a sama wa ma'aikata mazauni? Tambayoyi biyu ne aka ƙulle a igiya ɗaya, kuma daga nan yawancin rigimar ke farawa. Wanda ya ce bai yarda ba sai a kira shi maƙiyin ilimi. Wanda ya ce ya yarda sai a ce ya zama ɗan amshin shatan hukuma. Alhali idan ka zauna da su ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar da yawansu abu ɗaya ke damunsu, sai dai ba a ba su damar faɗinsa yadda yake ba.

Irin wannan gardama tana tashi a garuruwa manya da ƙanana a faɗin duniya, kuma ta girmi duk wanda ke raye a yau. Ya kamata a warware ta zare-zare.

Mene ne ake shirin ginawa?

Laburaren jama'a shi ne ɗakin karatun da ake tafiyar da shi da kuɗin haraji, kowa na iya shiga ba tare da an tambaye shi makarantar da yake ko aikin da yake yi ba. Da wannan ya bambanta da na jami'a ko na makaranta. Hukumar UNESCO ta fitar da sanarwa a kansa tun 1949, aka sabunta ta a 1972 da 1994 da kuma 2022. Ƙashin bayan sanarwar shi ne a bar ƙofa buɗe ga kowa, a bisa ƙa'ida kyauta, kuma ɗaukar nauyinsa yana wuyan hukumomin yanki da na ƙasa.

Ofisoshin ƙaramar hukuma kuwa iri uku ne, ko da yake a baki ana yi musu jam'i. Akwai wurin da mutum ke zuwa ya tsaya gaban kanta don rajistar haihuwa ko neman lasisi ko biyan haraji. Akwai zauren da kansiloli ke zama su yanke shawara. Sai kuma ofisoshin ciki, inda akawu da injiniya da mai binciken kuɗi ke aiki, waɗanda ɗan gari zai iya yin shekara ashirin bai taka su ba. Na farko da na biyu na jama'a ne kai tsaye. Na uku yana da amfani, amma shi ne ya fi cin fili a gini, shi ne kuma ya fi wuyar tallatawa. Duk wanda aka nuna wa zanen sabon gini, abu na farko da ya kamata ya duba shi ne yadda aka raba filin: kashi nawa ne na littattafai da kujerun zama, kashi nawa ne na ofisoshin da ke da makulli.

Me ya sa hukumomi ke son haɗa su?

Dalilin farko na tsimi ne, kuma gaskiya ne. Fili ɗaya, rufi ɗaya, masu gadi ɗaya, wuta da ruwa da intanet a layi ɗaya. Sau da yawa kuma ma'aikatan hukuma a warwatse suke a gine-ginen haya ko tsofaffin gidajen da ke yoyo, waɗanda mai keken guragu ba ya iya shiga, gyaransu kuma kullum cikin cin kuɗi yake.

Dalili na biyu na hidima ne. A Denmark, bayan an haɗe ƙananan hukumomi an mai da su 98 a 2007, garuruwa da dama suka mayar da kantar hidimar jama'a cikin laburare, domin shi ne ginin hukuma da ya rage kusa da mutane. A birnin Aarhus an buɗe wani katafaren gini mai suna Dokk1 a 2015, inda mutum zai sabunta fasfo a wannan kusurwa, ya ɗauko wa ɗansa littafi a waccan. A cikinsa akwai wata babbar ƙararrawa da iyaye ke iya kaɗawa daga asibitin birnin idan an yi musu haihuwa, sai duk wanda ke zaune yana karatu ya ji cewa gari ya yi sabon ɗa. A birnin Hague na ƙasar Holan ma, tun 1995 babban laburare da sakatariyar birni suke manne da juna.

Akwai dalili na uku da ba a cika rubutawa a takarda ba. Laburare yana da farin jini, ofis ba shi da shi. Idan aka ce wa mutane a gina wa hukuma sabon ofis, da ƙyar ake samun masu tafi. Idan aka ce a gina wa yara wurin karatu, zukata sukan yi laushi. Don haka haɗa su yana sauƙaƙa wa 'yan siyasa shawo kan jama'a. Wannan kaɗai bai mai da shirin ya zama zamba ba. Amma shi ne tushen zargin da ake yi, kuma hukumar da ta yi kamar ba ta san da shi ba tana ƙara wa wutar fetur ne.

Abin da ake faɗa a zauren taro

Na taɓa zama a wani taron jin ra'ayi irin wannan. An jingina manyan zane-zane a bango: gini mai gilashi, bishiyoyi a gaba, yara na gudu a farfajiya. Jami'in da ya zo ya yi bayani tsakaninsa da Allah, ya nuna hawa na farko da na biyu da wurin ajiye motoci. Da aka ba da damar tambaya, wata mata da ta zo da yara biyu, ƙaramin yana barci a kafaɗarta, ta miƙe ta ce, “Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa za a riƙa rufewa? Ni ba na tashi aiki sai shida.” Jami'in ya juya takardunsa gaba da baya, ya ce ba a kai ga tsayar da wannan ba tukuna. Bayanta wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, bashin nan shekara nawa za a yi ana biya? Ina so in san ko ni zan biya ko jikokina.” Shi ma aka ce masa za a sanar nan gaba. Matar goyon bayan aikin take yi, dattijon kuwa adawa yake yi, amma su biyun sun fita da tambaya a baki ba amsa.

Masu goyon baya galibi iyaye ne da ɗalibai da malamai da masu neman aiki, sai 'yan kasuwar da ke kusa da filin da ke hangen ƙarin masu wucewa. Hujjarsu ita ce gari yana buƙatar wuri ɗaya da mutum zai zauna awa uku ba wanda zai ce masa ya sayi wani abu ko ya tashi.

Masu adawa ba iri ɗaya ba ne, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro. Akwai mai tsoron ƙarin haraji, musamman wanda ke rayuwa a kan fansho da ba ya ƙaruwa. Akwai wanda ke ganin hanya da magudanar ruwa da asibiti sun fi gaggawa. Akwai mai ƙaunar tsohon ginin da za a rushe ko a sayar. Akwai maƙwabcin filin da ke tunanin cunkoso da hayaniyar gini na shekara biyu. Sannan akwai wani rukuni da ba a cika lura da shi ba: masoyan laburare na haƙiƙa, waɗanda ke adawa saboda suna tsoron ofis zai haɗiye ɗakin karatu, ko kuma a rufe ƙaramin reshen unguwarsu don a ciyar da babban da ke tsakiyar gari. A ganina waɗannan ne suka fi cancantar a saurara da kyau, don sun san abin da suke magana a kai.

Kuɗi iri biyu ne, ɗaya ake nunawa

Nan ne gizo ke saƙa. Kowane gini na hukuma yana cin kuɗi ta hanya biyu. Akwai kuɗin ginawa, wanda ake kashewa sau ɗaya daga kasafin manyan ayyuka, galibi ta hanyar bashi ko tallafin gwamnatin sama ko sayar da wata kadara. Akwai kuma kuɗin tafiyarwa: albashi, wuta, shara, gyaran na'urori, sayen sababbin littattafai. Wannan ba ya ƙarewa, kuma daga kasafin yau da kullum yake fitowa, aljihun da ake kwashe shara da gyaran fitilun titi daga cikinsa. Na farko ake rubutawa da manyan haruffa a allon talla. Na biyu shi ke tabbatar da ko ƙofa za ta buɗe ranar Asabar.

Shi kansa bashin yana komawa cikin aljihu na biyu. Ɗauki misali: hukuma ta ciwo miliyan 100, ko da wane irin kuɗi ne, da ruwan kashi 5 cikin 100, za ta biya cikin shekara 30. Kowace shekara sai ta fitar da kusan miliyan 6 da rabi, kuma kafin ta gama za ta biya kusan miliyan 195. Wato ginin da aka ce na miliyan 100 ne ya kusa ninkawa, ba a ma sayi littafi ko ɗaya ba. Tambayar dattijon nan ke nan, kuma tambaya ce ta mai hankali.

Tarihi ya daɗe da nuna wannan giɓi. A 1850 majalisar Birtaniya ta yi dokar farko da ta ba garuruwa masu mutane fiye da 10,000 damar kafa laburare da kuɗin haraji. An gindaya sharuɗɗa: sai kashi biyu cikin uku na masu biyan harajin da suka kaɗa ƙuri'a sun amince, harajin kuma kada ya wuce rabin kwabo a kowace fam. Abin mamaki, dokar ba ta yarda a sayi littattafai da kuɗin ba, sai dai gini da kayan ciki da albashi. Garuruwa suka koma dogaro da kyautar littattafai daga masu hannu da shuni. Sai a 1855 aka ɗaga harajin zuwa kwabo ɗaya, aka kuma halatta sayen littattafai, iyakar kwabon nan kuwa ba a cire ta ba sai 1919.

Wani attajirin Amurka mai masana'antar ƙarfe, Andrew Carnegie, wanda kuɗinsa suka gina laburare 2,509 tsakanin 1883 da 1929, guda 1,689 daga ciki a Amurka, ya gane matsalar tun da wuri. Ba ya ba gari kuɗin gini sai garin ya samar da fili, ya kuma ɗauki alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin a kowace shekara wajen tafiyar da shi. Wasu garuruwa suka ƙi karɓa: wasu don ba za su iya ɗaukar alkawarin ba, wasu don ma'aikata na jin haushinsa bayan jinin da aka zubar a yajin aikin masana'antar ƙarfensa ta Homestead a 1892. Ko me mutum zai ce game da yadda ya tara dukiyarsa, sharaɗin nan nasa ya tilasta wa gari ya yi lissafin gobe kafin a aza tubali.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Birmingham a Ingila. A watan Satumban 2013 aka buɗe sabon babban laburaren birnin, wanda ya ci kusan fam miliyan 189, Malala Yousafzai ce ma ta buɗe shi. Gini ne na gani na faɗa. Ba a cika shekara ɗaya da rabi ba majalisar birnin ta sanar cewa kuɗi sun yi ƙaranci: za a rage lokacin buɗewa daga awa 73 a mako zuwa 40, a kuma sallami kusan ma'aikata 100 daga cikin 188. Bashin ginin ba ya raguwa don gwamnati ta rage wa birni kaso, saboda haka abin da ake iya yankewa shi ne mutane da awanni. Matar nan mai tashi aiki ƙarfe shida ita ce ta farko da irin wannan ragi ke rufe wa ƙofa.

Akwai kuma gyara, wanda shi ma ba ya fitowa a zane. A Medellin ta ƙasar Kolombiya an gina laburare masu kyau a unguwannin talakawa zamanin magajin gari Sergio Fajardo, duniya ta yaba. Amma wanda ya fi suna a cikinsu, Biblioteca España, da aka buɗe a 2007 a kan tudun Santo Domingo, an rufe shi a 2015 saboda matsalar bangon waje, ya yi shekaru a rufe. Yaran unguwar da aka gina shi dominsu suka girma suna kallonsa daga waje.

Me za a rufe, kuma ina za a kai sabon?

Sabon gini ba ya zuwa shi kaɗai. Kusan ko da yaushe akwai abin da za a sayar ko a rufe don a cike lissafi, kuma wannan bayani yakan maƙale a shafukan ƙarshe na rahoto. A yankin Brent na Landan, majalisa ta rufe laburare 6 daga cikin 12 a 2011. Mazauna suka kai ƙara kotu, ba su yi nasara ba. A 2013 aka buɗe sabuwar cibiyar majalisar kusa da filin wasa na Wembley, da ofisoshi da zaure da sabon laburare a ciki. Majalisar ta ce gara kaɗan masu inganci da yawa marasa ƙarfi. Mazauna unguwannin da aka rufe wa nasu suka ce yaro ɗan shekara tara da tsohuwa mai sanda ba za su hau mota su tafi tsakiyar yanki don aron littafi ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai wanda ya ci ribar ba shi ne ya yi asarar ba, kuma jimillar masu shiga da ake kawowa a rahoto ba ta nuna hakan.

A wani yankin na Landan ɗin, Tower Hamlets, an bi ta wata hanya. A ƙarshen shekarun 1990 majalisa ta ga mutane sun ƙaurace wa laburarenta, sai ta fita ta tambayi har waɗanda ba sa zuwa. Amsar da ta samu mai sauƙi ce: ku kawo shi inda muke cefane, ku kuma buɗe a lokacin da muke da sarari. Aka gina sababbi a bakin kasuwanni da sunan Idea Store, na farko a Bow a 2002, suna buɗewa har ƙarshen mako, da azuzuwan koyon sana'a da harshe a ciki. Masu zuwa suka ninka sau da dama. Abin lura a nan shi ne, wurin da ya dace da ofishin hukuma ba lallai ne ya dace da laburare ba. Ofis yana son fili mai faɗi da wurin ajiye motoci. Laburare yana son inda ƙafa ke bi.

“Ra'ayin jama'a” na wane ne?

Idan aka ce jama'a sun amince ko sun ƙi, ya kamata a tambaya: su wa? Taron da aka sa ƙarfe goma na safe ranar aiki, masu ritaya da masu ofis a kusa ne za su halarta. Takardar tambayoyi da aka sa a intanet, mai waya da data ne zai cike. Mai gida da ke tsoron haraji yakan zo, ɗan haya ba ya zuwa. Yara da matasa, waɗanda su ne za su fi cika kujerun, kusan ba a jin muryarsu ko kaɗan. Sannan wanda abu ya ɓata wa rai ya fi saurin fitowa a kan wanda abin ya yi wa daɗi. Don haka zaure cike da masu ihu ba ya nufin gari ya ƙi, kamar yadda shiru ba ya nufin gari ya yarda.

A 1969 wata Ba'amurkiya mai suna Sherry Arnstein ta kwatanta shigar da jama'a cikin shawara da tsani mai matakai takwas, daga yaudara a ƙasa zuwa miƙa wa jama'a ragama a sama. Jin ra'ayi ta ajiye shi a mataki na huɗu, cikin rukunin da ta ɗauka na share hawaye ne kawai, domin ana iya sauraron mutum ba tare da maganarsa ta motsa komai ba.

Kotunan Ingila sun yi ƙoƙarin sa wa abin ma'auni. Daga wata shari'a ta 1985 da ake kira shari'ar Gunning aka samo sharuɗɗa huɗu, kotun ƙolin ƙasar kuma ta jaddada su a 2014: a tambayi mutane tun shiri bai ƙanƙare ba, a ba su bayani isasshe da za su iya yin tunani a kai, a ba su lokaci, sannan a yi la'akari da abin da suka faɗa da zuciya ɗaya kafin a yanke hukunci. Wannan doka ce ta ƙasa ɗaya kawai, amma ma'aunin yana aiki ko'ina. Idan an riga an sayi fili, an biya mai zane, an zaɓi ɗan kwangila, to abin da ya rage sanarwa ce, ko da an kira ta jin ra'ayi.

A wasu wurare ƙuri'a ce ke raba gardama. A jihar Kalifoniya ta Amurka, alal misali, ƙaramar hukuma ba ta iya cin irin bashin da ake biya da harajin gidaje don gini kamar wannan sai kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a sun amince. Ƙuri'a tana da kyau, amma “e” ko “a'a” kawai ta sani. Mutumin da ke son laburare bai son ofis, ko yake son duka biyun amma a wani fili daban, ba shi da akwatin da zai jefa tasa. Shi ya sa nake ganin babban adalcin da hukuma za ta yi wa mutanenta shi ne ta warware ƙullin: ta faɗi kuɗin laburare shi kaɗai, kuɗin ofis shi kaɗai, kuɗinsu a haɗe, da kuɗin gyaran tsofaffin gine-gine idan aka fasa sabon. Idan haɗin yana da riba, lissafi zai nuna, ba sai an yi wa kowa dabara ba.

Helsinki, babban birnin Finland, ta nuna cewa ana iya yin abin da kyau. Kafin a buɗe laburaren Oodi ranar 5 ga Disamban 2018, a kan kuɗi kusan Yuro miliyan 98, an shafe shekaru ana tattara buƙatun mazauna. An ware Yuro 100,000 aka ce su zaɓi abin da za a yi da su, sunan ginin ma daga gasar jama'a ya fito. A ciki akwai kekunan ɗinki da ɗakunan naɗar sauti da wurin wasan yara, ga littattafai kusan 100,000 a hawa na sama, ginin kuma yana fuskantar majalisar dokokin ƙasar. Mutane sun ga hannunsu a ciki, shi ya sa suka riƙe shi nasu.

Ba intanet ta maye gurbin laburare ba?

Wannan ce hujjar da aka fi saurin jefowa, ita ce kuma mafi rauni. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 kusan mutum biliyan 2.6, wato sulusin duniya, ba sa amfani da intanet. Ko wanda ke da waya, ba ita ce tebur da fitila da shiru ba. Hasali ma, yadda hukumomi ke mayar da komai intanet ya ƙara wa laburare aiki. Ka duba mutumin da ya zo da takardu a leda, ya zauna gaban kwamfuta yana neman inda zai sa yatsa, ma'aikaciya ta ja kujera kusa da shi ta ce, “Baba, bari mu fara da sunanka,” su yi minti arba'in kafin fom ya tafi. Wannan aikin hukuma ne ake yi a kan teburin karatu, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son a haɗa gine-ginen biyu.

Abin da zai taɓa ɗan gari

Idan shirin ya tafi daidai, mutum zai yi tafiya ɗaya ya biya buƙata biyu, ɗalibi zai samu wurin zama bayan makaranta, zauren majalisa zai zama ɗakin taron ƙungiyoyi da dare maimakon ya kwana a kulle. Wataƙila ma wanda bai taɓa ganin zaman kansiloli ba ya leƙa, tunda ƙofa ɗaya ce.

Amma haɗin yana da nasa haɗari da ba na kuɗi ba. Ofishin hukuma yana tashi da yamma, yana hutun ƙarshen mako, daidai lokacin da aka fi buƙatar laburare. Idan ƙofa da masu gadi ɗaya ne, lokacin wa za a bi? Ofis yana son bincike a bakin ƙofa da rubuta suna a rajista, laburare kuwa amfaninsa shi ne a shiga ba tambaya. Mutumin da hukuma ke bi bashin haraji, ko baƙon da takardunsa ba su cika ba, ko matashin da ke tsoron duk mai kaki, zai yi ta kewaye ginin da ya san akwai jami'ai a ciki. Sannan idan ma'aikata suka ƙaru bayan shekara biyar, ɗakin karatun yara ne ke fara zama ofis, domin shi ne ba shi da darakta mai kare shi a taron kasafi. Duk waɗannan ana iya magance su tun a zane: ƙofa daban ga laburare, ikon buɗewa ko da ofis na rufe, da rubutaccen alkawarin cewa filinsa ba zai ragu ba.

Don haka wanda zai je taron jin ra'ayi, ya bar gardamar ko gini ya yi kyau ko bai yi ba, ya riƙe abin da ake iya rubutawa da lamba. Awa nawa za a buɗe a mako, da dare da ƙarshen mako suna ciki? Ma'aikata nawa, kuma daga wane aljihu albashinsu zai fito a shekara ta biyar? Nawa aka ware wa littattafai kowace shekara? Wane reshe ko wace kadara za a rufe ko a sayar? Bashin na shekara nawa ne, nawa zai hau kan kowane gida? Idan kuɗin gini ya zarce ƙiyasi, ɓangaren wa za a datse, na ofis ko na karatu? Idan jami'i ya ce ba a tsayar ba tukuna, a roƙe shi cikin ladabi ya faɗi ranar da za a tsayar, a kuma nemi a sake kiran taro bayan ranar, kafin kansiloli su ɗaga hannu.